Jinjina ga Masu Shagunan da Ke Dafa Gahawar Taimako

Duk ƙarshen watan Satumba, ƙananan shaguna a Birtaniya kan yi wani ciniki da ribarsa ba ta shiga aljihunsu. Gidan burodi ya gasa kek, mai gahawa ya ɗora buta, har shagon aski kan jera kujeru. Maƙwabta su sha, su jefa abin da ya sawwaƙa a asusu. Kuɗin na Macmillan ne, ƙungiyar da Douglas Macmillan ya kafa a 1911 bayan ciwon daji ya yi ajalin mahaifinsa.

Tun 1990 ake wannan zama.

Ƙungiya kan aiko da kayan talla da asusu, mai shago kuwa ya ba da wuri, da wuta, da jama'ar da suka saba da shi shekara da shekaru. Wannan sabon shi ne jarin gaske: mutum kan wuce baƙo mai neman taimako, amma da kunya ya hana mai sayar masa da burodi. Manyan kamfanoni ma sun shigo, sai dai jinjinar ta ƙananan ce.

Da kuɗin ake tallafa wa aikin ma'aikatan jinya da layin wayar ba da shawara kyauta.