Adabin Bijire wa Doka a Azuzuwan Sakandaren Amurka

A makarantun sakandare na Amurka akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta ware wasu makonni a darasin adabi domin karanta rubuce-rubucen mutanen da suka ƙi bin doka da gangan, a bainar jama'a, saboda sun ɗauke ta zalunci. Ɗaliban matasa ne 'yan shekara 14 zuwa 18, waɗanda ba da jimawa ba za su fara jefa ƙuri'a, kuma za a iya kiransu su zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci. Manufar darasin ita ce su san abin da ƙasa ke binsu da kuma inda biyayya take tsayawa. Rubuce-rubuce uku ne ginshiƙan wannan al'ada: wasan kwaikwayon Antigone na Sophocles, da maƙalar Henry David Thoreau, da wasiƙar da Martin Luther King ya rubuto daga kurkukun Birmingham.

Antigone ce aka fi farawa da ita, galibi a aji na goma. An rubuta wasan a Atina a ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Sarki Creon na Thebes ya hana a binne gawar Polyneices, ɗan 'yar'uwarsa, wanda ya kawo wa garinsu yaƙi, ita kuwa Antigone, 'yar'uwar Polyneices, ta yi masa sutura, tana mai cewa dokar alloli ta riga ta sarki. Matasa kan bi bayanta nan take. Nan malami yake da aiki, domin Creon ba mahaukaci ba ne: gari ya fito daga yaƙin 'yan gida ɗaya, kuma sarkin da ya sassauta wa danginsa a irin wannan rana zai rasa bakin hukunta kowa. Nelson Mandela ya ba da labarin cewa shi ya fito a matsayin Creon lokacin da fursunoni suka shirya wasan a tsibirin Robben. Ajin da bai saurari hujjar sarkin da kyau ba, bai karanta rabin wasan ba.

Thoreau kan zo a aji na sha ɗaya, cikin tarihin adabin Amurka. A watan Yulin 1846 aka tsare shi a garin Concord na jihar Massachusetts saboda ya daina biyan harajin kai, yana adawa da bauta da kuma yaƙin da Amurka ke yi da Meziko. Kwana ɗaya ya yi, wani ya biya masa, aka sake shi. A 1849 aka buga maƙalar da ta fito daga wannan dare, inda ya kafa hujja cewa mutum ba ya miƙa wa 'yan majalisa lamirinsa, kuma idan doka ta nemi ya zama hannun da za a zalunci wani da shi, to ya karya ta. Gandhi ya karanta ta a Afirka ta Kudu, King ma ya karanta ta yana ɗalibi. Sai dai maƙalar tana da gibin da ya kamata ɗalibai su gani da idonsu. Thoreau ya fi damuwa da tsarkake kansa daga laifin gwamnati fiye da jawo jama'a su sauya dokar. Kuma a 1859 ya fito fili ya kare John Brown, wanda ya ɗauki makami ya kai hari Harpers Ferry don 'yantar da bayi. Darasin da ya nuna shi a matsayin uban gwagwarmayar lumana kawai ya tauye tarihinsa.

Wasiƙar King, mai ɗauke da kwanan watan 16 ga Afrilun 1963, ita ce mafi cika daga cikin ukun. Martani ce ga malaman addini fararen fata takwas na jihar Alabama da suka buga sanarwa suna cewa zanga-zangar ba ta dace da lokaci ba, a bar maganar wariyar launin fata a hannun kotu. King ya zayyana matakai huɗu: tattara shaidar zaluncin, neman sulhu, shirya zuciya ta jure duka ba tare da ramuwa ba, sannan fita fili. Ya jingina da malaman addinin Kirista Augustine da Thomas Aquinas wajen raba doka mai adalci da marar adalci, ya ƙara ma'auni mai sauƙin gwadawa: dokar da masu rinjaye suka ɗora wa tsiraru amma su ba ta hau kansu ba, ko wadda aka kafa alhali an hana waɗanda za ta shafa jefa ƙuri'a, ba ta da adalci. Sharaɗinsa mafi nauyi shi ne mai karya dokar ya yi a fili, ya kuma yarda da hukuncin da zai biyo baya.

Yadda ake koyar da waɗannan rubuce-rubuce ya karkata sosai ga nazarin salo. Ma'aunan karatu na Common Core, da jihohi da yawa suka ɗauka daga 2010, sun ambaci wasiƙar King cikin manyan takardun tarihin ƙasar da ya kamata 'yan aji tara da goma su nazarta. Hakan ya ƙara mata gindin zama, amma ya zo da tsari irin na jarrabawa. Ana sa ɗalibi ya ja layi ƙarƙashin inda marubuci ya kafa mutuncinsa, da inda ya taɓa zuciya, da inda ya kawo hujjar hankali, bisa rabon nan uku na Aristotle. Aikin yana da amfani, yana koya wa yaro yadda ake gina magana. Illarsa ita ce ɗalibi na iya cin maki cikakke a kan dabarun King ba tare da an taɓa tambayarsa ko King yana da gaskiya ba, da kuma dalili.

Wata matsalar ta fi wannan zurfi. Tarihi ya riga ya wanke mutanen da ake karantawa: an soke bauta a 1865, an kafa dokar haƙƙin jama'a a 1964, King yana da ranar hutu ta ƙasa da sunansa. Goyon bayansu a yau ba ya cin kowa komai, don haka ɗalibi kan fita da tunanin cewa gane doka marar adalci abu ne mai sauƙi. A 1963 ba haka yake ba. A watan Yunin wannan shekara gwamnan Alabama, George Wallace, ya tsaya a ƙofar jami'ar jihar don hana baƙaƙen ɗalibai shiga, shi ma yana bijire wa umarnin kotu da sunan aƙida. Malaman da suka fi iya darasin sukan ajiye irin wannan misali gaban ajin, su ce a gwada ma'aunin King a kansa. Sukan raba sanarwar malaman addinin takwas a karanta ta tukuna, kafin martanin. Wasu na haɗawa da Crito na Plato, inda Socrates ya ƙi tserewa daga kurkuku don ba ya son rusa dokokin garin da ya rene shi, ko da jawabin Malcolm X na 1964 kan zaɓi tsakanin ƙuri'a da harsashi. Ta haka ne batun nauyin ɗan ƙasa yake shigowa da gaske, domin ɗalibi yana ganin mutanen kirki sun saɓa, kuma dole ya auna da kansa.

Akwai kuma abin da ba ya cikin littafi amma yana cikin ajin: makaranta wuri ne na ƙararrawa da rajista da neman izini, ga shi a nan ake karanta yabon ƙin biyayya. Ɗalibai ba sa rasa lura da haka, kuma tarihin ya shafi sa'o'insu kai tsaye. Claudette Colvin tana da shekara 15 lokacin da ta ƙi tashi ta bar wa farar fata kujerar bas a Montgomery a Maris ɗin 1955, wata tara kafin Rosa Parks ta yi irin haka. A Mayun 1963 'yan makaranta ne suka cika titunan Birmingham, aka sakar musu karnuka da ruwan kashe gobara. A 1969, a shari'ar Tinker da hukumar makarantun Des Moines, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ɗaliban da suka ɗaura baƙin ƙyalle a hannu don adawa da yaƙin Vietnam suna da 'yancin yin haka muddin ba su dagula karatu ba. A ranar 14 ga Maris 2018 ɗalibai a faɗin ƙasar suka fice daga aji na minti 17, don tunawa da mutum 17 da aka harbe a wata makaranta a garin Parkland na jihar Florida. Ficewa daga aji ba ta cikin abin da hukuncin Tinker ya kare, don haka makaranta na iya hukunta su kamar kowane mai fashin aji, illa dai ba ta da ikon tsananta hukuncin saboda saƙon da suka fita da shi. Wasu makarantun sun kau da kai, wasu sun rubuta sunaye, kuma ɗaliban da suka fita a irin waɗannan makarantu sun fuskanci sharaɗin King na karɓar hukunci a kan rajistarsu.