Zuga da Ƙarfin Zuciya a Waƙoƙin Dambe na Ɗan Anace

Masu nazarin waƙar baka sun saba sa waƙoƙin dambe cikin rukunin waƙoƙin maza, su ce aikinsu zuga ne, daga nan su wuce gaba. Wannan hukunci bai wadatar ba, gama a bakin Bahaushe zuga takan zama ingiza mutum ga abin da ya fi ƙarfinsa. Da a ce abin da Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Gandi wanda ya rasu a 1986, ya yi wa Shago ke nan kurum, da wuya waƙar ta daɗe a bakin jama'a haka.

Wanda ya saurari waƙar da kyau zai tarar da ginshiƙinta lissafi ne. Makaɗin yana ambaton mazajen da Shago ya kara da su, da garuruwan da aka yi karon, da yadda aka kwashe, har ya zo kan Ɗandunawa, babban abokin hamayyarsa, wanda bai rage masa daraja ba ko kaɗan. A nan gwaninta ta ke. In an ƙasƙantar da wanda aka kashe, watau aka kai shi ƙasa, to, an ƙasƙantar da kisan. Saboda haka ɗan damben da ke tsaye a fage, ya naɗe hannu da zare, ba alkawari a ke yi masa ba, tuna masa a ke yi da abin da hannunsa ya riga ya aikata a gaban shaidu.

Wannan ya dace da abin da Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Stanford a Amurka, ya bayyana a 1977. Ya ce amincewar mutum da iyawarsa tana da tushe huɗu: nasarar da ya taɓa samu, da ganin wani kamarsa ya yi, da lallashin baki, da yadda ya ke fassara halin jikinsa. Ya kuma nuna na farkon ya fi ƙarfi, lallashin baki kuwa rarrauna ne in ba shi da madogara. Abin lura shi ne Ɗan Anace ya ɗauki rarraunan ya ɗora shi bisa ƙaƙƙarfan.

Ginin jimlolin ma yana taimakawa. Kirari yakan zo da suna bisa suna, ba aikatau, ba lokaci, ba sharaɗi. Ba a cewa gwani zai yi in ya sami sa'a. Kiransa a ke yi da siffar, kamar an haife shi da ita. Jimlar da ba ta da lokaci kuwa ba ta bar wa shakka ƙofa ba. Malaman da ke koyar da nahawu a kwalejojin horon malamai za su sami misalai masu kyau a nan, da sun yarda su duba wajen littafin karatu.

Sai batun tsuma. Idan aka buga wa ɗan dambe takensa da kalangu, jikinsa yakan ɗauki rawa. Rawar jiki dai ɗaya ce, ko ta tsoro ko ta ƙosawa, amma fage ya ba ta suna mai daraja, har mai ita ya ɗauke ta alamar ƙarfi ya sauko. Makaɗin kuma ba ya ɓoye haɗari, yakan ambaci mutuwa ƙarara, har ya kai zancen dambe lahira. Waɗansu malamai sun ga saɓo a nan. Ta fuskar fasaha kuwa hanya ce ta mai da tsoro ƙarami, ta wurin kiran sunan abin da ya fi shi girma.

Amma fa salon yana da aibi. Makaɗi da kyauta ya ke ci, kuma kalmomin da suka dace da Shago ana iya ara wa yaron da bai taɓa kai kowa ƙasa ba. A irin waɗannan waƙoƙi na ƙananan makaɗa sai a ji siffofi sun yi yawa, sunayen mazaje da garuruwa sun ɓace, tun da babu su. Yaron da ya gaskata makaɗinsa ya sake garkuwa, sau da yawa tun a turmin farko a ke ɗauke shi daga fage.