Masu Kiwon Zanzaro Saboda Gero

Geron da ake saukewa a Fegge ta Anaca, da unguwannin Hausawa na Fatakwal da Inugu, domin kunu da fura, ya tsallake rijiya da baya tun yana gona. Gab da girbi, babu abin da ke hana manomi barci kamar murzuna, tsutsar da ke shiga zangarniya tana yanka ta a murɗe, ta bar ta fayau babu tsaba. Tun bayan farin shekarun 1970 ta addabi yankin Sahel. Feshi bai cika kama ta ba, domin a lafe take cikin zangarniyar, ga kuma tsadar magani.

A Maradi akwai masu sana'ar da ta cancanci a sara musu: suna kiwon zanzaro. Ba wanda ke gina ɗakin laka a kusurwar bango ba. Wani ɗan mitsitsi ne, Habrobracon hebetor, tsawonsa milimita 2 zuwa 3, kuma ba ruwansa da mutum. Macen ce ke aikin. Tana bin zangarniya har ta gano tsutsa, ta ɗirka mata harbi, tsutsar ta sandare ba tare da ta mutu ba, sannan macen ta saka ƙwai a jikinta. 'Ya'yan na ƙyanƙyashewa sai su tarar da abinci a gabansu. Cikin kwana goma ko makamancin haka sun zama manya, sun bazama neman wata.

Gwanintar tana wajen kiwon. Murzuna sau ɗaya take fitowa a shekara, sauran watannin tana kwance cikin ƙasa, don haka ba a iya ciyar da zanzaron da ita. Sai masana na cibiyar INRAN da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, irin su Ibrahim Baoua, tare da Malick Ba, wanda ya yi aiki a ICRISAT, suka dogara da tsutsar wani ɗan malam-buɗe-littafi mai ɓata hatsi a rumbu. Wato maɓarnaci guda ake kiwo da gangan domin a yaƙi wani. Ana ɗinka ƙaramar jakar algarara, a zuba tsabar gero da garinsa, a saka tsutsa 25 da matan zanzaro 2 da suka riga suka yi barbara, a ɗaure baki. Jaka 15 ake kai wa ƙauye, a rarraba su tsakiya da gabas da yamma da kudu da arewa, a rataye inda ruwa ba zai jiƙa su ba. Bayan mako guda da 'yan kwanaki, sabbin zanzaro su fara sulalowa ta ramukan saƙar.

A ganina, sanin lokaci ne ke raba gwani da ɗan koyo. In ka yi gaggawa, zanzaro ya fito bai sami tsutsa ba. In ka makara, ta riga ta ci ta ƙoshi. Dole idonka ya kasance a kan gero tun yana fidda kai. Inda aka dace, bincike ya nuna tsutsar da ke mutuwa kan kai kashi 80 cikin ɗari, amfanin gona kuma ya ƙaru da kusan kashi 34.

Mu mazauna Kudu ma mun ci moriyar irin wannan dabara. Lokacin da wani farin ƙwaro ya far wa rogo, Hans Herren na cibiyar IITA ta Ibadan ya saki wani ɗan zanzaro da aka samo daga Paraguay a 1981, kuma da shi aka ceci garin rogon da ke cika kasuwanninmu.

Na rogo ya zauna da gindinsa, amma na gero yawancinsa ba ya tsallake dogon rani, sai an sake sakinsa kowace damina. Shi ya sa ƙungiyoyin manoma a Nijar suka fara kiwonsa da kansu, suna riƙon irinsa duk tsawon bazara, su sayar wa ƙauyuka jakunkunan idan gero ya kusa fidda kai.