Dambe ya shiga waya, an bar gidan ɗan dambe a waje

Tun daga 2017, lokacin da tashar Dambe Warriors ta fara ɗora wasanni a YouTube, dambe ya samu sabon fage. Kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu ya biyo da manyan kyamarori da gasa mai tsari. Yau matashi a Potiskum ba sai ya je Kano ko Dei-Dei ba kafin ya ga damben jiya. Wannan ci gaba ne. Sai dai guntayen bidiyon da suka fi yawo a Facebook da TikTok abu ɗaya suke nunawa: a kai naushi, mutum ya zube, fili ya ɗauki ihu. Kisa ake sayarwa. Wanda aka buge kuwa, ba mai tambayar wa ya kai shi gida.

Masu fim a wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa ba naushi ke riƙe mai kallo ba. A Rocky na 1976 jarumin bai ma ci wasan ba, alƙalai sun ba abokin karawarsa Apollo Creed, amma ya kai turmin ƙarshe a tsaye yana ƙwala wa budurwarsa Adrian kira. A Mary Kom na 2014, abin da ke taɓa zuciya shi ne miji yana rainon tagwaye domin matarsa ta koma fage.

Damben Hausa ya fi su wannan arziki. Asalinsa sana'ar gado ce ta mahauta, waɗanda ke bin garuruwa bayan kaka, uba ya ɗaure wa ɗa hannu, wa ya koya wa ƙane. Har gobe ɗan dambe ba ya shiga fili shi kaɗai: ko dai na Kudu ne, ko na Arewa, ko Guramaɗa, kuma sunan ubangidansa na manne da nasa, Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Ali Ƙanin Bello da sunan yayansa duniya ta san shi. Ɗan Anace ma da yake wasa Shago, ba ƙarfin hannu kaɗai ya sa waƙar ta rayu ba, mutum ne aka ji, da asalinsa da abokan karawarsa.

A bayan wannan akwai abin da kyamara ba ta bi. Uwa da ba ta son sana'ar amma take kwana addu'a. Matar da ke jiran kuɗin kari ta auno hatsi. In hannu ya karye ko ido ya taɓu, 'yan kallo sun watse, gida ne ke jinya.

Mutanen Potiskum ba sa bukatar a fassara musu irin wannan labari. Garin na da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, inda mahauta da dillalai da direbobin tirela ke cin abinci. A watan Mayun 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar, suka kashe mutane fiye da 30, dabbobi suka ƙone. A Nuwamban 2014 bam ya tashi a makarantar sakandaren kimiyya ana tsaka da taron safe, ɗalibai da dama suka rasu. Kasuwar ta sake cika, yara sun koma aji, kuma nauyin marayu da masu rauni mafi yawansa a kan 'yan uwa ya sauka, baffa da goggo da kawu.

Shi ya sa takaici ke kama mai son wasan idan ya ga an taƙaita dambe a faɗuwar mutum. Masu shirya fim na Kano da matasan da ke ɗaukar bidiyo a gidajen dambe suna da kayan aiki a hannu. Abin da ya rage shi ne, bayan an tashi, su bi wanda aka kashe a turmin farko zuwa unguwarsu, su nemi izinin iyalinsa, su zauna su ji ta bakin mahaifiyarsa.