Gona Ba Manomi: Nazari Kan Zane-zanen Karkara na Piet Mondrian

1.0 Gabatarwa

Duk inda aka ambaci Piet Mondrian, abin da kan zo wa mai nazari a rai shi ne baƙaƙen layuka miƙaƙƙu da murabba'ai masu launin ja da shuɗi da rawaya. Amma kafin wannan salo ya bayyana, mutumin ya shafe shekaru masu yawa yana zana gonaki da rumbuna da koguna na ƙasarsa, Holan. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu duba waɗannan zane-zane, musamman na fentin ruwa, mu ga abin da ya samu daga gona da kuma abin da ya bari a cikinta.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Mondrian a garin Amersfoort a shekarar 1872. A 1880 iyayensa suka koma Winterswijk, wani gari na karkara daf da iyakar Jamus, inda mahaifinsa ya shugabanci makarantar firamare. Baffansa, Frits Mondriaan, mai zane ne, kuma yana cikin waɗanda suka fara ɗora shi a kan hanya. A 1892 ya shiga makarantar koyon zane ta Amsterdam. Ya koma Paris a farkon 1912, sa'annan a 1917 ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar De Stijl tare da Theo van Doesburg. Ya rasu a Niyok ta Amurka a 1944.

3.0 Gona a Idon Mai Zane

Fentin ruwa shi ne wanda ake dama launi da ruwa a shafa a takarda, ta yadda farin takardar kan leƙo ta ƙarƙashinsa. Ba ya son gyare-gyare, don haka tilas mai zane ya san inda zai sa hannu tun kafin ya sa. Irin wannan fenti ya dace da ƙasar Holan, wadda kusan rubu'inta yake ƙasa da doron teku, ga hazo ga danshi.

Bayan 1900 Mondrian ya riƙa zuwa bakin kogin Gein, kudu maso gabas da Amsterdam. A nan ya yi ta maimaita zanen gidajen gona irin su Landzicht da Geinrust, wani lokaci da gawayi, wani lokaci da fentin ruwa ko na mai. Tsarin nasa kusan ɗaya ne: gida a tsakiya, itatuwa a jere sun kewaye shi, kogi ya ratsa a kwance, inuwar itatuwan kuma ta sauka cikin ruwa. Idan muka lura da kyau, abu biyu ne ke riƙe da hoton, wato layin da yake tsaye da layin da yake kwance. Su ne kuwa ginshiƙan salonsa na baya. Ke nan miƙaƙƙun layukan nan da duniya ta san shi da su ba a Paris kaɗai aka haife su ba. Tushensu yana bakin wannan kogi, a ƙasar da manoma suka yanka da magudanan ruwa miƙaƙƙu.

4.0 Ina Manomin?

A nan ne muke da ja. A 1904 Mondrian ya zauna kimanin shekara guda a Uden, cikin lardin Brabant, yana zana rumbuna da shanu da gidajen manoma. A lardin nan ne kuma Vincent van Gogh ya zana mashahurin hotonsa na masu cin dankali a Nuenen a 1885, inda fuskokin manoma da hannayensu masu kanta suka cika hoton. A wurin Mondrian kuwa, akasari gonar shiru take. Ko an ga mutum, ɗan ƙarami ne, ba shi ne abin kallo ba. Akwai gida, akwai shinge, amma gumin da ya tsayar da su bai fito ba.

Wannan ba kasawar hannu ba ce, zaɓi ne. Tsari yake nema a gona, ba labarin masu ita ba, kuma shigarsa ƙungiyar Tiyosofi a 1909 ta ƙara masa imanin cewa akwai wata gaskiya a bayan abin da ido ke gani. Sai dai kowane zaɓi da kuɗinsa. Da tafiya ta yi nisa, bayan manomi sai itace ya fita, daga ƙarshe koren launi ma ya ɓace daga zanensa.

5.0 Kammalawa

Da yawa daga cikin waɗannan ayyuka suna gidan adana zane-zane na birnin Hague, wanda ya fi ko'ina tarin ayyukansa. Darasinsu ga masu koyon ƙirƙira shi ne, sabon salo ba daga sama yake faɗowa ba, daga naci ne a kan abin da ke kusa da mutum. Amma duk wanda ya shiga gona neman tsari, ya kamata ya tambayi kansa: wa na bari a waje? Mondrian ya fito da layi, ya bar manomi a can.