Ƙungiyoyin Raya Ilmi da Al'adu: Ina Aka Dosa?

A ƙasarmu yau da wuya ka sami gari mai kasuwa wanda ba shi da ƙungiyar ci gaban gari, ko ta tsofaffin ɗalibai, ko ta matasa masu son raya al'adu. Waɗannan jam'iyyu ba don neman riba a ke kafa su ba, kuma galibin mutanen da ke cikinsu da kyakkyawar niyya su ka shiga. Amma niyya dabam, manufa dabam. Niyya tana cikin zuciya, Allah kaɗai ya san ta. Manufa kuwa ita ce abin da ƙungiya ta rubuta, ta ce shi za ta yi, har jama'a su iya tuhumarta in ta kasa. To, wannan manufar ce mu ke so mu ɗora bisa ma'auni, musamman game da ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Duk wanda ya saba duba takardun dokokin irin waɗannan ƙungiyoyi ya san yadda a kan jera manufofin. Za a ce haɗa kan jama'a, da ciyar da ilmi gaba, da farfaɗo da al'adun gargajiya, da taimakon marayu, da kawar da zaman banza. Kowanne cikinsu abin kirki ne. Aibinsu shi ne babu ɗaya da mutum zai iya aunawa ƙarshen shekara ya ce an yi ko ba a yi ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Ƙungiyar da ta ce za ta yi kome, ta sami mafaka ke nan ta ƙin yin kome, domin ko taron cin abinci ta yi sai ta kira shi haɗa kan jama'a.

Bari mu duba misalai uku daga tarihinmu, mu ga abin da manufa kan jawo wa masu ita.

Na farko shi ne 'Yan Taru, waɗanda Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara kafin rasuwarta a 1864. Nufinta guda ne, watau ilmin addini ya isa ga matan ƙauye waɗanda ba su da ikon zuwa makaranta. Ta zaɓi dattijan mata, ta naɗa su jajoji, ta ba kowace malfa alamar muƙami. Jaji ta kan zo da ayarin matan garinsu, su karɓi karatu cikin waƙa, su koma su koya wa na gida. Ba ofis, ba albashi, amma kowa ya san aikinsa, kuma ya san wanda a ke yi domin sa. Saboda haka abin ya rayu shekaru masu yawa bayan mai kafa shi.

Na biyu shi ne Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949. Da fari jam'iyyar al'adu ce ta ma'aikata da malaman makaranta, ta ce za ta yaƙi jahilci da lalaci da zalunci. Kalmomin suna da daɗin ji, amma suna da faɗi ƙwarai, har kome na iya shiga cikinsu. A 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa. Ta yi abin da ta yi a fagen mulki, wannan wani zance ne. Abin lura a nan shi ne aikin al'adun da ta fara da shi ya zama maraya.

Na uku shi ne hukumar NORLA ta Zariya, wadda gwamnati ta kafa a 1954 domin waɗanda su ka koyi karatu a ajin Yaƙi da Jahilci su sami abin karantawa. Ta buga littattafai masu yawa, da jaridun larduna, irin su Zaruma ta lardin Sakkwato, wanda ƙasar Mafara ke cikinsa a lokacin. Manufarta a fili ta ke, aikinta kuma abin yabo ne. Amma buga littafi ya fi kai shi ƙauye sauƙi, kuɗi kuma su ka gaza, aka rufe ta a 1959. Darasin da ke nan shi ne manufa mai kyau ma tana bukatar a san inda guzurinta zai fito.

To, mu dawo gida. Ƙasar nan ta tsakanin Bakura da Maradun ta haifi makaɗan da duk ƙasar Hausa ke tutiya da su. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a ƙasar Bakura aka haife shi, a fadar Sarkin Kayar Maradun kuma gidansu ya yi suna, kafin muryarsa ta kai ga Sardauna Ahmadu Bello. Sa'idu Faru, mutumin Faru ta ƙasar Maradun, ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙoƙi tun yana Sarkin Kudu mai riƙe da Mafara, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. A zamaninsu fada ita ce mai riƙon makaɗi. Ta ba shi riga da doki da hatsi, shi kuma ya adana mata sunayen kakanni da tarihin sarauta cikin waƙa. Yau wannan riƙo ya yi rauni, waƙoƙin kuwa suna warwatse cikin tsofaffin kaset, da ɗakunan ajiyar gidajen rediyo, da wayoyin hannu, sau da yawa ba sunan wanda aka yi wa, ba shekara. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun rubuta da yawa daga cikinsu, Allah ya saka musu. Amma akwai abin da sai ɗan gari ke iya yi. Shi ya san tsohon da ya yi amshi a bayan makaɗi, shi ya san wanda aka yi wa zambo a ɗa kaza da dalilin yin sa, shi ne kuma kunnensa ya saba da karin harshen Zamfara. In waɗannan tsofaffi su ka ƙare, ma'anar rabin waƙar ta bi su kabari.

Haka kuma labarin madatsar ruwan Bakalori, wadda aka gama a 1978, da abin da ya auku a 1980 sa'ad da manoman da su ka rasa gonakinsu su ka tashi neman diyya, aka kashe mutane. Waɗanda su ka gani da idonsu sun tsufa. Ƙungiyar da ta ce tana kishin tarihin ƙasarta, ga aiki nan yana jiranta, na'urar ɗaukar magana kuwa tana cikin aljihun kowa.

Ta wajen ilmi abin ya fi tsanani. A watan Fabrairu na 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Mafara. A Agusta aka auka wa kwalejin aikin gona ta Bakura, a Satumba kuma aka kwashe ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta Maradun, har gwamnati ta rufe makarantu na wani lokaci. Tsaro aikin hukuma ne, ba wanda zai ɗora wa ƙungiyar sa kai wannan kaya. Amma bin gida gida a san yarinyar da ba ta koma aji ba, a zauna da mahaifinta, a saya mata littafi, wannan bai fi ƙarfin tsofaffin ɗalibai ba. Rarraba kyaututtuka ranar biki gaban manyan baƙi ya fi sauƙi, ya kuma fi jawo suna, shi ya sa ya fi yawa.

Kada a ce mun zargi masu sa kai bisa rashin kuɗi. Mun sani da karo-karo su ke aiki, wani ma daga bakin iyalinsa ya ke cirewa. Ai wannan shi ne babban dalilin taƙaita manufa, gama mai ƙaramin zane ba ya rufa da mutum goma. Kuma ƙungiyar da ta jingina da ɗan siyasa guda domin guzuri, ta tuna da 1951, ta san ran da iska ta juya da ita za ta tafi.

Shawararmu ita ce kowace ƙungiya ta rubuta manufarta cikin layi biyu, ta faɗi aikin, da waɗanda za a yi wa, da lokacin gamawa. Wata ta ce bana za ta rubuta waƙoƙin Ɗanƙwairo ashirin da sharhinsu daga bakin tsofaffi, ta nemi a ajiye kofe a ɗakin karatun Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara. Wata ta ce za ta mai da yara talatin makaranta. Ƙarshen shekara a tara jama'a, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, magatakarda ya nuna abin da aka yi. In an cika alkawari a yaba, in an gaza a faɗa musu a fuskarsu, a sake shiri. Allah ya sa mu dace, amin.