Harshe da Lissafi: Sharhi a kan Tambayoyin Ninki Mafi Ƙanƙanta

A shekarar 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ke kewaye da shi. Tun daga lokacin malaman lissafi suke fama da neman kalmomi. Wannan sharhi zai duba ɗaya daga cikinsu, wato abin da littattafan Ingilishi ke kira L.C.M., wanda akan fassara da "ninkin tarayya mafi ƙanƙanta".

Fassarar ba ta saɓa wa ma'ana ba, amma tana ɓad da yaro. Da ya ji "mafi ƙanƙanta" sai hankalinsa ya tafi ga ƙaramar lamba, alhali amsar ba ta taɓa kasawa da babbar lambar da ke cikin tambaya. Idan aka ba shi 12 da 18, yana iya cewa 6, wadda ita ce babbar lambar da ke raba su duka, maimakon 36. Haka kuma kalmar "ninki" tana da nata rikici, domin a bakin Bahaushe "ya ninka" yakan nufi ruɓi biyu kawai.

Amma a sake wa tambayar tufafi. Kasuwar Kawo tana ci ran Talata, wato duk kwana 7. Wata mata tana zubin adashi duk kwana 5. Yau Talata, kuma yau ranar zubi ce. Yaushe ranakun nan biyu za su sake haɗuwa? Ɗan Unguwar Kanawa ko Badarawa zai jero 5, 10, 15 har ya kai 35, ya ga nan suka fara gamuwa da lissafin bakwai-bakwai, tun kafin a gaya masa sunan darasin.

Saboda haka laifin yana ga lafazi, wanda ya bi ƙirar Ingilishi kalma da kalma. Ya kamata masu tsara kalmomin fannu su gina suna a kan aikin da ake yi, kamar a ce "mahaɗar farko", sa'an nan su gwada shi a cikin aji kafin a buga shi a littafi.